Giga 87 sun yi ɓatan dabo a rumbun C, ina suka shiga?

Nura_K:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so masana su duba mini wannan lissafi. Laftof ce mai Windows 11, RAM giga 16, rumbunta SSD mai giga 256. This PC yana nuna C gaba ɗayansa giga 237 ne, saura 9, har sandar ta koma ja. Amma in na shiga C na zaɓi duk foldojin da ke ciki na duba Properties, giga 141 nake gani. An cinye 228, ana ganin 141, to ina 87? Kwandon shara babu komai a ciki, Downloads ma babu abin kirki. Sannan tun farko me ya mayar da 256 ta koma 237?

Abba_Tech:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, ita ce mai sauƙi. Masu ƙera rumbu suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000. Windows kuwa tana ƙirga shi a 1,073,741,824, wato 1024 sau 1024 sau 1024. Raba biliyan 256 da wannan adadi za ka sami 238 da 'yan kai. Haka 500 ke komawa 465, tera ɗaya ya koma 931. Giga ɗayan da ya rage kuma yana cikin ƙananan ɓangarori biyu da ba a ba su harafi ba, na EFI da kwamfuta ke tashi da shi, da na Recovery. Wannan ba ɓata ba ce, babu abin da za ka dawo da shi a nan. Giga 87 ɗin su ne abin nema.

DanBaiwa:
Bairos ne. Ka kwashe kayanka ka yi fomatin ka huta.

Hajiya_Zulai:
Haba DanBaiwa, daga jin tambaya sai fomatin? Malam Nura, matsalar daga hanyar awon ce. In ka zaɓi duk abin da ke cikin C, abin da idonka ke gani kawai ka zaɓa. Akwai manyan abubuwa a bakin C ɗin da Windows ke ɓoyewa: pagefile.sys, hiberfil.sys, swapfile.sys, foldar ProgramData, $Recycle.Bin da System Volume Information. Ko ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, wasunsu ba za su fito ba sai ka shiga Folder Options, shafin View, ka cire alamar da ke kan Hide protected operating system files. Bayan haka ma akwai foldojin da Explorer ba ta da izinin leƙawa, sai ta ƙirga su sifili ta wuce, ba ta gaya maka.

Kada ka goge komai tukuna. Ka sauke WizTree ko WinDirStat ko TreeSize Free, ka danna maɓallin dama na maus a kanta ka zaɓi Run as administrator. In ba da ikon admin ka buɗe ba, ita ma makantar Explorer za ta yi. WizTree ta fi sauri don kai tsaye take karanta MFT, wato kundin da NTFS, tsarin fayilolin Windows, ke rubuta sunan kowane fayil da inda yake, ba ta bin foldoji ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya_Sani:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne. Kafin ma ka gama saukewa, buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta:

vssadmin list shadowstorage

Ka kawo mana layuka uku: Used, Allocated da Maximum. In giga masu yawa suka ɓace haka, wanda ake fara tuhuma shi ne System Restore, wato tsarin da ke mayar da Windows yadda take a wani lokaci na baya da aka adana, wanda ake kira restore point. Yadda yake aiki ke sa mutane ruɗewa. Ba kwafin fayiloli yake ajiyewa ba. Daga lokacin da aka ɗauki restore point, duk gurbin rumbu da za a sake rubutu a kansa, sai an fara kwashe tsohon abin da ke wurin an kai System Volume Information. Shi ya sa mutum zai goge bidiyon giga 20, ya ga wuri ya buɗe, ya zuba sababbin kaya, sai ya ga wurin ya ƙare fiye da abin da ya zuba. Tsohon bidiyon ne ake ta kwashewa gutsure-gutsure ana adanawa, don a iya mayar da rumbun yadda yake a da.

Nura_K:
Ga abin da ya fito: Used 41.2 GB, Allocated 41.9 GB, Maximum UNBOUNDED.

Injiniya_Sani:
To ga kusan rabin kayanka nan. UNBOUNDED na nufin ba a sa masa iyaka ba, zai ci har inda rumbu ya ƙare. Ba haka Windows ke barinsa da kanta ba, yawanci wata manhajar ajiye kwafi ce ke cire iyakar. Ka sa masa linzami:

vssadmin resize shadowstorage /for=C: /on=C: /maxsize=10GB

Ko ta hanya mai hoto: danna Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shafin System Protection, zaɓi C, Configure, ka ja sandar Max Usage. Ka sani da zarar ka rage, tsofaffin restore point za su tafi, kuma ba sa dawowa. In kwamfutar lafiyarta ƙalau yanzu, ka rage, sannan nan take ka danna Create ka ɗauki sabo.

DanBaiwa:
Me ya sa ba zai kashe shi gaba ɗaya ba? Giga 10 ma asara ce a rumbun 256.

Hajiya_Zulai:
Ranar da direban hoto (manhajar da ke sarrafa na'urar nuna hoto) ko wata sabuntawa ta hana kwamfuta tashi, wannan giga 10 ɗin ne zai mayar da ita cikin 'yan mintuna ba tare da an taɓa fayilolinsa ba. Sai dai a yi gardama kan yawan abin da za a ba shi, ba kan kashewa ba.

Gwani_PC:
Na biyu kuma hiberfil.sys. Fayil ne da ake juye abin da ke cikin RAM a ciki in kwamfuta ta shiga Hibernate, wato ta mutu amma in an kunna ta dawo da aikin da ke buɗe. A Windows 10 da 11 girmansa kashi 40 cikin 100 na RAM ne, ke nan naka zai kai giga 6.4. A Windows 7 kashi 75 ne. Ba a goge shi da hannu, ba ma zai yarda ba. Umarnin shi ne:

powercfg /h off

Nan take fayil ɗin zai ɓace.

Abba_Tech:
Gwani, laftof ce fa. In ya kashe, Hibernate ya tafi, Fast Startup, mai sa kwamfuta tashi da sauri, ma ya tafi don shi ma da wannan fayil yake aiki. Kuma in batir ya kusa mutuwa, kwamfuta ba ta da inda za ta juye aikin da ke buɗe. Akwai tsaka-tsaki:

powercfg /h /type reduced

Wannan yana mayar da shi kusan kashi 20 na RAM, Fast Startup ya ci gaba da aiki, amma cikakken Hibernate ba zai samu ba. Mai tafiya da laftof a jaka, ni a ganina ya bar shi yadda yake, ya nemi giga shida a wani wuri.

Gwani_PC:
A kan SSD bambancin Fast Startup 'yan daƙiƙu ne, kuma shi ne ke sa mutum ya yi Shut down ya kunna ya tarar matsalar direba tana nan, don ba a kashe tsarin da gaske ba. Maganar batir dai na yarda.

Sarkin_Maus:
Ku duba C:\Windows\WinSxS, nan ne ɓarawon. Foldar nan takan nuna giga goma ko fiye. A share abin da ke ciki.

Malam_Habu:
Don Allah kada wanda ya bi wannan shawara, gyaran gangar Auzinawa ke nan. WinSxS ita ce ma'ajiyar sassan Windows ɗin kanta. Yawancin fayilolin da ke System32 da waɗanda ke WinSxS abu ɗaya ne a kan rumbu, suna biyu kawai aka ba su, abin da ake kira hard link. Explorer ba ta gane haka, sai ta ƙirga sau biyu. Wannan ma yana nufin 141 ɗin da Malam Nura ya gani ya ɗan zarce gaskiya, abin da ya ɓace ya fi 87. In ka goge da hannu, sabuntawa za ta daina shiga, sfc, umarnin gyara fayilolin Windows, ya rasa inda zai ɗauko gyara, wataƙila ma kwamfutar ta ƙi tashi.

In kana son girmanta na haƙiƙa:

Dism /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore

Zai nuna girman da Explorer ke gani, da na ainihi, da abin da aka raba da Windows, sannan a ƙasa ya ce ko yana ba da shawarar tsaftacewa. In ya ce Yes:

Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Yana ɗaukar lokaci, yakan tsaya a kan wani adadi kamar ya maƙale, a ƙyale shi. Akwai masu ƙara /ResetBase a ƙarshe. Yana ƙara buɗe wuri, amma bayansa ba za ka iya cire sabuntawar da ta riga ta shiga ba. In aka yi rashin sa'a ta baya-bayan nan tana da matsala, ka zauna da ita.

Haka ma C:\Windows\Installer. Tana da girma, tana jan hankali, amma fayilolin msi da msp da ke ciki su ake nema in za a gyara ko cire ko sabunta manhaja irin Office. Wanda ya goge su sai ranar cire manhajar zai gane, kuma ba a kwaso su daga wata kwamfutar, don sunayensu sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura.

Sarkin_Maus:
To pagefile fa, fayil ɗin da Windows ke amfani da shi a rumbu a matsayin ƙarin RAM? Mai RAM giga 16 me zai yi da shi?

Malam_Habu:
Zai yi. Iyakar ƙwaƙwalwar da Windows ke iya yi wa manhajoji alƙawari ita ce RAM haɗe da pagefile. In ka cire shi, manhaja mai cin ƙwaƙwalwa sai ta rufe kanta ba sallama, ko da RAM ɗin bai cika taf ba. Sannan in shuɗin allo ya faru, wato Windows ta tsaya cak da saƙon kuskure, ta cikinsa ake rubuta bayanin abin da ya jawo. A bar shi a System managed. In ana son giga daga wannan ɓangaren, a duba C:\Windows\MEMORY.DMP, shi ne bayanin shuɗin allo na baya, yakan yi girma, kuma in ba bincike ake yi ba babu amfaninsa.

Ummi_Data:
Ba wanda ya ambaci hanya mafi sauƙi. Settings, System, Storage, Temporary files. Ka jira ya gama lissafi. Abubuwan da ke da nauyi a nan su ne Windows Update Cleanup, Delivery Optimization Files, da Previous Windows installation(s) in akwai. Na ƙarshen shi ne foldar Windows.old da ake bari bayan babbar sabuntawa, tana iya haura giga 20. Windows na goge ta da kanta bayan kwana 10, amma wani lokaci takan maƙale. In ka goge ta, komawa tsohon tsari ya ƙare.

Ka lura da akwatin Downloads a wannan jeri. In ka sa masa alama, duk abin da ka sauke zai tafi. Haka in za ka kunna Storage Sense, shiga cikin saitinsa ka tabbata Downloads yana kan Never.

Ka kuma danna Show more categories, sannan System & reserved. Za ka ga Reserved storage, wajen giga 7. Tun sigar 1903 ta Windows 10 a 2019 aka fara keɓe wannan wuri don sabuntawa ta sami inda za ta sauka. Ba fayil ba ne, shi ya sa babu foldar da za ka same shi a ciki, amma ana ƙirga shi cikin abin da aka cinye. Ana iya kashe shi da Dism, sai dai a ƙaramin rumbu shi ne ke hana sabuntawa tsayawa a tsakiya.

Tux_Aliyu:
Tun da ana maganar, masu Linux su ma suna da irin nasu. In df -h ya ce rumbu ya cika amma du bai ga komai ba, mafi yawanci fayil ne aka goge alhali wani shiri yana riƙe da shi a buɗe. Sunan ya tafi, wurin bai saku ba. sudo lsof +L1 zai nuna su, ka sake tayar da shirin wurin ya dawo. Sannan ext4, tsarin fayilolin Linux, yana keɓe kashi 5 cikin 100 don root, wato asusun admin. A rumbun tera biyu na ajiye kaya kawai, wannan giga 100 ne a zaune. tune2fs -m 1 zai mayar da shi kashi 1. A ɓangaren da tsarin kansa yake, a bar shi. journalctl --disk-usage ma a duba.

Hajiya_Zulai:
Malam Aliyu, ko ana maganar firinta sai ka kawo Linux. Amma ta lsof ɗin tana da amfani.

Fa'iza_M:
Masu Mac kuma Time Machine, manhajarsu ta ajiye kwafi, yana ajiye hotunan rumbu a cikin na'urar in rumbun waje ba ya haɗe. tmutil listlocalsnapshots / zai jera su. Tsarin yana sakin wurin da kansa in ya matsu. Kuma lissafin Abba_Tech na 1024 bai shafe su ba, tun Snow Leopard a 2009 Mac ke ƙirga giga irin na masu ƙera rumbu.

Bashir_99:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Filashi mai tera biyu, ana zuba kaya suna shiga, in an zo buɗewa sai su ƙi. Shi ma wurin ɓacewa yake yi?

Gwani_PC:
Wannan wurin babu shi tun asali. Ana sauya bayanin da ke cikin filashin ya riƙa faɗin girman ƙarya, in ka wuce girmansa na gaske sai sabon rubutu ya hau kan tsoho ko ya tafi a banza, sunayen fayiloli kuma suna nan kamar lafiya. H2testw zai cika shi da bayanai ya sake karantawa ya gaya maka giga nawa ne na gaskiya. Ka kwashe abin da ke buɗuwa kafin ka gwada. Ka buɗe wa tambayar zarenta daban in kana son ƙarin bayani.

Nura_K:
Allah ya saka da alheri. Na sa iyakar giga 10, na ɗauki sabon restore point. WizTree da ikon admin ta nuna hiberfil 6.4, pagefile 4.8. Reserved storage 7 ne kamar yadda Ummi_Data ta ce. Babu Windows.old. Abubuwa biyu ne ban gane ba. Akwai fayil Windows.db mai giga 17 a C:\ProgramData\Microsoft\Search\Data\Applications\Windows. Sannan $Recycle.Bin yana da giga 8 a wata folda mai suna da ya fara da S-1-5-21, alhali kwandona babu komai.

Injiniya_Sani:
Lissafi ya kusa cika: 41 da 6.4 da 4.8 da 7 da 17 da 8, wajen 84 ke nan. Sauran MFT ne da ragowar ProgramData.

Kwandon: kowane asusu a kwamfuta yana da nasa kwandon a kowane rumbu, sunan foldar shi ne lambar asusun. Naka kawai kake gani. Wannan na wani asusu ne, ko wanda ake amfani da shi ko wanda aka goge aka bar sharar. Rubuta whoami /user ka gwada lambar da taka. In akwai mai amfani da asusun, shi ya shiga ya zubar da kansa, wataƙila akwai abin da yake so. In babu kowa:

rd /s /q C:\$Recycle.Bin

Daga Command Prompt na admin, ba PowerShell ba, don can alamar dala tana da wata ma'ana. Zai share kwandon kowa da kowa a C, Windows ta ƙirƙiri sabo. Ka karanta abin da ka rubuta sau biyu kafin Enter. In tazara ta shiga tsakanin C:\ da sauran, C ɗin gaba ɗaya ka ba shi umarnin sharewa, kuma /q na nufin ba zai tambaye ka ba.

Hajiya_Zulai:
Windows.db kuma kundin bincike ne, wanda ke sa in ka rubuta kalma a Start sakamako ya fito nan take. A Windows 10 sunansa Windows.edb. Giga 17 ya yi yawa. Abin da ke kumbura shi: akwatin Outlook mai tarin saƙonni, ko saitin Enhanced da ke bin duk rumbun, ko foldoji masu dubban ƙananan fayiloli. Control Panel, Indexing Options, Modify, ka cire wuraren da ba ka bincike a ciki. Sannan Advanced, Rebuild. Tsohon kundin zai tafi a fara sabo. Ka bar ta a caji, yana iya ɗaukar sa'o'i, kuma kafin ya gama bincike zai riƙa kawo sakamako rabi-rabi. In ba ka rage wuraren ba kafin Rebuild, zai sake kumbura.

Abba_Tech:
Ga wanda zai zo da irin matsalar amma nasa ba a nan yake ba, a duba waɗannan a WizTree. Kwafin iPhone yana zama a %APPDATA%\Apple Computer\MobileSync\Backup, ko a %USERPROFILE%\Apple\MobileSync\Backup in daga Microsoft Store aka sauke manhajar, kuma kowane kwafi yana iya kusan kai yawan abin da ke wayar. Fayil ɗin ost na Outlook yana %LOCALAPPDATA%\Microsoft\Outlook, ana rage shi ta hanyar rage watannin saƙonnin da ake ajiyewa a na'ura. Masu WSL ko Docker, manhajojin da ke gudanar da Linux a cikin Windows, kuma su nemi fayil mai ƙarewa da vhdx. Yana girma in an zuba kaya, amma in an goge daga ciki ba ya komawa da kansa. Sai an yi wsl --shutdown, a shiga diskpart, select vdisk file= da hanyar fayil ɗin, sannan compact vdisk.

In kuma C ɗin ne kansa ya yi ƙanƙanta fiye da rumbun, misali an kwafe tsohon rumbu zuwa babba, diskmgmt.msc zai nuna baƙar sanda mai Unallocated. Extend Volume ba ya aiki sai wurin yana manne da C ta dama. In ɓangaren Recovery ya shiga tsakani, zaɓin zai dushe.

DanBaiwa:
Duk wannan dogon aiki, manhajar tsaftacewa guda ɗaya za ta yi shi da dannawa ɗaya, har rajista, wato kundin saitunan Windows, ta gyara.

Malam_Habu:
A cikin giga 84 da aka lissafa, ka nuna mini wanda za ta taɓa. Abin da suke sharewa shi ne ma'ajiyar burauza da foldar Temp, waɗanda Storage ke sharewa kyauta, kuma burauza ta sake cika tata. Rajista kuwa gaba ɗayanta 'yan ɗaruruwan mega ce, share layi dubu a cikinta ba zai ba ka ko mega ɗaya na kirki ba.

Gwani_PC:
Ni har yanzu giga 10 na System Restore nake ganin ya yi yawa a rumbun 237. Biyar ya isa riƙe biyu ko uku.

Injiniya_Sani:
Ya danganta da yawan rubutun da ake yi a rumbun. Sabuntawar wata guda ɗaya tana iya sauya giga da yawa, in wurin ya cika sai a jefar da mafi tsufa, wani lokaci a wayi gari babu ko ɗaya. Mai aikin rubutu da intanet biyar za ta yi masa. Mai tace bidiyo a kan C ko goma ba ta daɗewa.

Nura_K:
Yanzu saura giga 66. Kwandon na tsohon asusu ne da babu shi, Rebuild kuma yana kan tafiya. Hiberfil na bar shi. Abin da ban sani ba shi ne wace manhaja ta cire iyakar tun farko.

Hajiya_Zulai:
In manhajar tana nan za ta iya sake cirewa. Bayan mako guda ka sake rubuta vssadmin list shadowstorage. In Maximum ya koma UNBOUNDED, duba Installed apps ka nemi duk wata manhajar ajiye kwafi ko kwafe rumbu, har da wadda ta zo da laftof ɗin daga kamfani, sannan ka leƙa Task Scheduler ka ga ko akwai aikin da ke kiran vssadmin ko wbadmin. Ka kawo sunan abin da ka gani kafin ka cire shi.